Ƙwayar da Ba Ta da Rubutu

"Wannan ba maganinki ba ne."

Auta ta ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ta dubi mijinta. Ko azahar ba a yi ba, ga shi tsaye a tsakiyar falo yana haki, mutumin da ko ruwan sama da ƙanƙara ba ya hana shi zaman shago har la'asar. Ya ajiye wata farar ƙwaya a kan 'yar rigar jaririn da take ɗinkawa, ya ja baya kamar wanda ya ajiye kunama.

"Mai Agogo, lafiya? Ka rufe shago saboda ƙwaya ɗaya?"

"Babu rubutu a jikinta, Auta. Babu ko ɗigo..."

Sunan da unguwa ta sa masa ke nan, ita ma ta bi sahu, don gyaran agogo ne sana'arsa tun yana saurayi. Yana da wani ɗan gilashi da yake maƙalawa a ido ɗaya idan zai duba cikin agogo, kuma wannan gilashin ya zame masa jaraba. Ba abin da zai shigo hannunsa bai leƙa shi ba. Zoben aurensu ma sai da ya sha leƙe kafin ya hau yatsanta.

Wata guda da ya wuce, da cikinta ya shiga wata bakwai, Likita ta ɗora ta a kan magani. Gwajin jini ya nuna tana ɗauke da cutar hanta, irin wadda kan zauna shiru a jikin mutum shekara da shekaru, kuma ta yi yawa a jininta. Idan ba a danne ta ba kafin haihuwa, tana iya bin jaririn ya taso da ita har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwaya ɗaya kullum, in ji Likita, ba fashi. Ranar farko Mai Agogo ya ɗauki ƙwayar ya sa gilashinsa, ya karanto mata haruffa biyu da lamba da aka buga a jikinta, da muryar mai karanta labarai, har ta yi dariyar da ta sa ta riƙe ciki. Ya kuma kawo wani tsohon agogon tebur da ya gyara, ya saita ƙararrawarsa ƙarfe takwas na safe.

Yau da safe ƙwayar ta suɓuce daga hannunta ta gangara ƙarƙashin kujera. Aka ba ta wata. Shi kuma da zai fita ya tsinci ta ƙasan ya jefa a aljihun riga, ya manta. Sai a shago, yana laluben ɗan hantsakinsa, ta faɗo masa. Hannu ya yi abin da ya saba. Fara ce, doguwa, girmansu ɗaya, amma jikinta sumul.

Auta ta miƙe da ƙyar ta ɗauko robar maganin daga saman firij ta juye a tafin hannu. Saura huɗu. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Wa yake ba ki maganin nan kullum?" ya tambaya a hankali.

Ya san amsar, ita ma ta sani, shi ya sa ranta ya ɓaci. Mama ce, mahaifiyarta, wadda ta dawo gidansu da zama makonni uku da suka wuce don ƙafafun Auta sun kumbura, tsayuwar kicin ta gagare ta. Tun zuwanta ta karɓe hidimar maganin. Ƙararrawa na bugawa za ta iso da kofin ruwa da ƙwaya a tafin hannu, Auta kuwa da ta tsani haɗiyar magani tun tana yarinya sai ta runtse ido ta watsa a baki.

"Uwata kake zargi?"

"Ban ce ba..."

"Ka ce mana. Matar da ta bar ɗakinta ta zo tana wanke maka kwanuka?"

Ya dubi ƙwayoyin da ke hannunta. Wannan kallon nasa ya fi zagi ciwo, don shi mutum ne da ba ya faɗin abin da bai gani da idonsa ba. Ta yi ta faɗa ita kaɗai, ta ce wataƙila kemis ne suka yi kuskure, ta ce wataƙila kamfanin ya sauya kamanninsa, ta ce shi dai dama neman hanyar sallamar Mama yake. Duk ya shanye. Da ta gaji ya matso ya riƙe hannunta, wanda har lokacin yake damƙe da ƙwayoyin.

"Zuciyata, ki zage ni yadda kike so, zan ɗauka. Amma wanda yake cikin nan ba shi da bakin magana. Mu ne bakinsa."

Ta fizge hannunta ta shige ɗakin da Mama take kwana, ta turo ƙofa. Mama ta tafi kasuwa. Auta ta shiga ne don ta huce, haka ta gaya wa kanta, amma idonta bai sauka ko'ina ba sai a kan gwangwanin maɓallai da ke bakin taga. Tun tana ƙarama ta san gwangwanin nan. Duk abin da Mama ba ta son a gani kuma ba ta iya zubarwa, nan yake ƙarewa: haƙorin Auta na farko, makullin akwatin da ya daɗe da ɓata, hoton Yaya, babban ɗan Mama, da Allah Ya yi wa rasuwa shekara shida da suka wuce.

Ta buɗe. A ƙarƙashin maɓallan akwai ƙullin tsumma. Ta kwance, ƙwayoyi suka zubo kan katifa, kowace da haruffanta biyu da lamba. Ashirin da biyar. Talatin aka ba ta. Biyar kaɗai suka shiga cikinta ke nan.

Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mara sauti, hannu ɗaya a kan cikinta. Ɗan cikin ya motsa, ya harba ta ƙarƙashin haƙarƙari kamar yadda ya saba, bai san komai ba.

Wanda yake tsammanin Mama za ta rikice idan an kama ta, bai san Mama ba. Ta dawo da ledojinta, ta ga ƙwayoyin a kan tebur, ta ga fuskokinsu, ta ajiye kayan a hankali ta gyara mayafi ta zauna.

"Ni ce," ta ce. "Kuma da za a sake, sai na sake."

Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ranar da ta iso ta ga takardar da ke cikin kwalin maganin, doguwa har ta kusa kai mayafinta, rubutu cunkus gaba da baya kamar tururuwa. Ita ba ta iya karatu ba, amma ta sa maƙwabciya ta karanto mata kaɗan: ƙoda, ƙashi, jiri, amai. Daga nan ba ta bari an ƙarasa ba. Abin da yake buƙatar wannan dogon ban haƙuri, in ji ta, ba zai shiga cikin da jikanta yake kwance ba. Sai ta je kemis ta zaɓi maganin ƙarin kuzari mai kama da shi, irin wanda ita ma take sha, ta musanya.

"Shekara biyu da suka wuce kika sha maganin zazzaɓi, kwana uku cikin ya zube. Ni na wanke zannuwan, Auta, ba likita ba. Na binne ɗa ɗaya, na rasa jika ɗaya tun bai zo ba. Ba zan zauna ina miƙa miki na uku da hannuna ba."

Likitoci sun faɗa tun a lokacin cewa ɓarin nan zazzaɓin ne ya jawo shi, ba maganin ba. Amma Mama ta riga ta yanke hukunci, kuma kotunta ba ta da ɗaukaka ƙara.

Mai Agogo ya fita tsakar gida, don bai taɓa ɗaga wa surukarsa murya ba kuma yau yana jin tana neman ƙwace masa. Auta ta bi shi. Ya ce mata cikin raɗa, yana kallon igiyar shanya, gara Mama ta koma gida har a haihu. Zai kai ta da kansa, da mutunci, ba wanda zai ji dalili.

"Ba inda za ta je," in ji Auta.

"To maganin fa?"

"Maganin ma ba inda za shi. Zan sha, kuma a gabanta zan sha."

"Auta, ba a haɗa biyun nan..."

"Ni zan haɗa. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai, Mai Agogo. Ni na ɓoye mata."

Ya juyo ya dube ta, ya gane abin da take nufi, fuskarsa ta sauya. Ranar da aka ba su sakamakon gwajin, Likita ta tambayi Auta ko akwai mai ciwon hanta a danginsu. Ta ba ta labarin Yaya, yadda idanunsa suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, aka yi ta cewa shawara ce har ya tafi yana da shekara talatin da ɗaya. Likita ta ce ba za ta rantse ba, amma sau da yawa idan aka ga haka a 'ya'yan ɗaki ɗaya, a wajen haihuwa suka samo ta daga uwa, ita kuma uwar ba ta san tana da ita ba. Ta ce a kawo Mama a gwada ta. A hanyar komawa gida Auta ta sa mijinta ya yi mata alƙawarin ba zai taɓa furta wannan magana ba. Mama har yau ba ta iya ambaton sunan Yaya ba tare da muryarta ta karye ba. Sai Auta ta ce mata kawai an ba ta maganin hanta, ɗan abu ne, ba wani abin tashin hankali ba. Ita kuwa Mama ta ɗauki maganar yadda aka ba ta: ɗan abu ba ya kai a saka jariri a haɗari dominsa.

"Za ki gaya mata?" ya tambaya.

"Zan gaya mata."

"Zai karya ta, masoyiyata."

"Na sani. Ka tsaya kusa da ni kawai."

Ta koma falo ta durƙusa a gaban mahaifiyarta, duk da nauyin cikin, ta ɗora hannuwanta a kan gwiwoyinta. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba, amma ba ta ja da baya ba.

"Mama, ciwon nan da nake da shi ba ƙarami ba ne. Na yi miki ƙarya. Shi ne ya ɗauke Yaya."

Mama ta zuba mata ido.

"Kuma yana bin jariri daga uwa, a wajen haihuwa. Maganin da kika ɓoye shi ne yake tare masa hanya."

Agogon tebur yana ta ƙas-ƙas ɗinsa. Mama ba ta yi karatu ba, amma ba a taɓa yi mata bayani sau biyu ba. Auta tana kallon lokacin da maganar ta isa inda take tsoron ta isa.

"Daga uwa..." Mama ta maimaita. "To ke a ina kika samo? Shi a ina ya samo?"

"Mama, ba a tabbatar ba..."

"Ni ce?"

"Ba ki sani ba, Mama. Lokacinku ba a gwadawa. Ba wanda ya sani."

Mama ta dubi tafin hannunta na dama, wanda take miƙa ƙwayar da shi kullum. Ba ta yi ihu ba. Hawaye ne kawai suka soma bin kumatunta suna ɗiga kan hannuwan Auta. Ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Auta ta rungume ta suka yi kuka tare, Mai Agogo yana tsaye a bakin ƙofa yana goge gilashinsa da gefen riga, abin da ba ya buƙatar gogewa.

Mama ce ta fara share ido. Ta miƙe, ta ɗaure bakin zaninta tamau.

"Asibitin nan ƙarfe nawa suke tashi?"

Kafin la'asar suna zaune su uku a ofishin Likita, ƙaramin ɗaki mai fanka ɗaya da ma'aunin nauyi a bayan ƙofa. Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da gaggawa. Auta ta so ta rufa wa uwarta asiri, ta fara cewa an samu ɗan kuskure, amma Mama ta katse ta, ta faɗi abin da ta yi da bakinta, ta ciro doguwar takardar nan daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur.

"Ki gaya mini gaskiya, 'yata, tsakaninki da Allah. Wannan abin ba zai taɓa mini jika ba?"

Likita ba ta yi mata dariya ba, ba ta kuma yi mata faɗa ba. Ta ce tsoronta yana da tushe, don akwai magungunan da ba a yarda mai ciki ta kusance su ba, shi ya sa ba a shan komai sai an tambaya. Amma wannan, mata masu ciki masu ɗimbin yawa sun sha shi shekara da shekaru, an bi diddigin 'ya'yansu, ba a ga ya ƙara nakasa ko ɓari fiye da yadda ake gani a waɗanda ba su sha ba. Takardar ta yi tsawo ne don dole a rubuta duk abin da ya taɓa samun wani, ko da mutum ɗaya ne cikin dubbai, kuma saboda haka ne ake duba jinin Auta da ƙodarta a kai a kai.

"Ba zan ce miki akwai maganin da ba shi da ko ƙwayar haɗari ba, Mama. Babu shi. Amma na san abin da ciwon nan yake yi idan ya shiga jariri, ke ma kin sani. Idan 'yata ce, zan ba ta."

Ta ƙara da cewa yanke maganin kwatsam ma haɗari ne ga hantar Auta kanta, don haka yau za a ɗebi jininta a duba. Makonni ukun da suka wuce sun wuce, ba mai dawo da su. Amma akwai kusan bakwai a gaba, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sannan da zarar an haihu, a yi wa jaririn allurar rigakafi kafin kwana ɗaya ya cika, gwargwadon saurin da aka yi gwargwadon amfaninta.

Mama ta naɗe hannun rigarta ta miƙa wa Likita damtsenta.

"Ni ma a ɗiba."

An samu cutar a jinin Mama, kamar yadda kowa ya zata. Ta karɓi labarin a tsaye, ta ce to, yanzu ta san sunan maƙiyinta. Hantar Auta kuwa Allah Ya tsare, ba ta tashi ba.

Daga ranar gidan ya zama bariki. Ƙarfe takwas saura minti biyar Mama tana tsaye a kan agogo, ƙararrawa ba ta isa ta riga ta ba. Kuma ba ta yarda Auta ta haɗiyi ƙwaya sai an kai wa Mai Agogo ya sa gilashinsa ya karanta haruffan da ƙarfi kowa ya ji. Ya ce mata ai sabuwar roba ce daga asibiti, a rufe ta zo. Ta ce ita ma waccan a rufe ta zo, ya karanta kawai. Haka mutumin nan ya yi makonni bakwai yana makara zuwa shago, bai taɓa yin ƙorafi ba. Wata safiya Auta ta ji shi a kicin yana ce wa Mama ta yafe masa, ya taɓa tunanin mayar da ita gida. Mama ta ce da ita ce shi, da a ranar ta kori kanta, ya ɗauki shayinsa kafin ya huce.

Naƙuda ta zo da hantsi, ranar Talata. Mama ta shiga asibiti da jakar kayan jariri a hannu ɗaya, agogon tebur a ɗaya hannun, nas-nas suna ta kallonta suna murmushi. Ƙarfe ɗaya da minti goma aka ji kukan yarinya. Ungozoma ba ta gama naɗe ta ba Mama ta soma tambayar allura. Aka ce ta yi haƙuri a gama kintsa mai jego. Ta ce haƙurinta ya ƙare tun shekara shida da suka wuce. Ta tsaya a bakin ƙofa da agogonta, duk wadda ta gifta da farin kaya sai ta nuna mata shi. Kafin ƙarfe uku an yi allurar, a cinyar jaririyar, tana kwance a hannun kakarta.

Mai Agogo ya sunkuya kan matarsa ya sumbaci goshinta mai gumi.

"Kin haɗa su, zuciyata. Kin ce za ki haɗa."

"Saura sakamako," ta ce, idonta a kan 'yarta.

Sakamakon sai da yarinya ta gama sauran alluranta ta kusa shekara, ta fara miƙewa tana kama ƙafar keken ɗinki. Duk tsawon watannin nan Auta ba ta taɓa faɗa ba, amma makonni ukun nan suna tsaye mata a rai. Idan ta ga idon 'yarta a hasken taga sai ta ƙura masa ido, tana neman ɗorawar da take addu'ar kada ta gani. Ta san Mama ma haka take yi, don ta sha kama ta.

Ranar karɓar takardar su huɗu suka je. Likita ta buɗe ambulan ta karanta, ta cire tabarau, ta dubi Mama kafin kowa.

"Babu, Mama. Jininta fes yake, kuma rigakafin ya kama."

Auta ta kifa kai a kafaɗar mijinta, kukan da ta riƙe kusan shekara ya ƙwace mata. Shi ma bai ɓoye nasa ba. Mama kuwa ta karɓi takardar ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, sannan ta miƙa wa surukinta hannu.

"Ba ni gilashin nan naka."

Ya ciro shi daga aljihu, ya taya ta maƙalawa a ido, ya ɗora yatsansa a ƙarƙashin kalmar. Matar da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta sunkuya ta daɗe tana kallo, har gilashin ya jiƙe ta daina ganin komai. Ta cire, ta linke takardar gida huɗu ta sa a cikin jakarta.

"Wannan a gwangwanina za ta zauna," ta ce, "kusa da hoton kawunta."

Ta karɓi jikarta daga hannun Auta ta saɓa ta a kafaɗa, ta riga su fita.